Wa ya je ya auna tudu da kwarin watannin ƙanƙara?

Habibu Asawase:
Salamu alaikum jama'a. Wani ya turo mini taswirar wani wata da ke zagaya duniyar Zuhal, wato Saturn, wai sunansa Enseladus. An shafe ta da launi, nan ja, can ruwan ɗorawa, can shuɗi, a gefe kuma an rubuta wai nan tudu ne mai mita kaza, can kwari ne mai zurfin kaza. Tambayata ɗaya ce: wa ya je ya auna? Ɗan Adam bai taɓa taka wurin ba, na'ura ma ba ta taɓa sauka ba. Hoto kawai aka ɗauka daga sama, hoto kuwa shafaffe ne, ba shi da zurfi. Ni dai ina ganin kwamfuta ce ta zana abinta aka ce mana kimiyya. Masu ilimi ku fito.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Ka riga ni a baki, Habibu. Filin da na saya a bayan gari, mai safiyo ya je da ƙafarsa, ya kafa na'urarsa, ya dasa fila huɗu, amma har gobe muna jayayya da maƙwabci a kan iyaka. Su kuma daga nisan da ko lissafinsa ban iya ba sun san zurfin rami.

Malama Zainabu:
Ina kwananku. Habibu, tambayarka a kan hanya take, sai dai ba zane ba ne. Da farko launin nan ba na wurin ba ne. Enseladus fari ne fat, ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, a duk abin da ke zagaya rana ba a san wanda ya kai shi mayar da haske ba. Masu taswira ne suka sa ja inda ya yi tudu, shuɗi inda ya yi ƙasa, don ido ya gane. Shuɗin nan ba ruwa ba ne.

Hotunan kuwa kumbon Cassini ne ya ɗauko su. An harba shi a 1997, ya isa Zuhal a 2004, ya yi ta zagaye a can har Satumbar 2017. Ya gitta kusa da Enseladus fiye da sau ashirin, a Oktobar 2008 ma ya matso har kilomita 25 daga saman ƙanƙarar. Hanyar fitar da tsawo daga hoto ba ɗaya ba ce, amma wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce inuwa. An san inda rana take a daidai sakan ɗin da aka ɗauki hoton. An san ɗigo ɗaya na hoton mita nawa ne a ƙasa. Sai a ƙirga ɗigogin inuwar tudun, a haɗa da tsayin rana a sama, tsawon tudun ya fito.

Malam Idi:
Malama, wannan ai lissafin la'asar ne. Tun muna yara aka koya mana a makarantar allo: ka kafa sanda, in inuwarta ta kai tsawonta, ban da abin da ya rage mata a lokacin zawali, to la'asar ta shiga. Mu mun san tsawon sanda muna neman lokaci. Su sun san lokaci suna neman tsawon sanda.

Malama Zainabu:
Allah ya gafarta Malam, haka yake ba ragi. In rana tana digiri 45 a sama, inuwa daidai take da tsawon abin. In ta sauko zuwa digiri 10, inuwar takan ninka tsawon kusan sau shida. Shi ya sa masu wannan aiki suka fi son hoton da aka ɗauka a kusa da iyakar dare da rana ta watan, inda inuwa take doguwa, ƙaramin tudu ma ya tona kansa. Hoton tsakar rana a kan farar ƙanƙara kusan banza ne a wurinsu.

Habibu Asawase:
To inda babu inuwa fa? Taswirar nan ba ta bar gurbi ba, ko'ina an sa masa launi.

Mustafa Safiyo:
Bari in shigo, tunda Alhaji ya taɓo sana'ata. Inuwa tsawon abu ɗaya take ba ka, ba ta ba ka shimfiɗar ƙasa duka. Abin da ke ba da wannan shi ne hoto biyu na wuri ɗaya daga kusurwa dabam-dabam. Shi muka karanta a jami'ar KNUST ta Kumasi, shi kuma nake ci da shi. In za mu auna babban fili, muna ta da jirgi maras matuƙi ya yi ta kai-komo a sama yana ɗaukar hoto, kowane hoto yana hawa kan na bayansa da kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Kenan kowane dutse, kowane kututture, ya fito a hotuna da yawa. Abin da ya yi tudu ya fi kusa da kyamara, saboda haka yakan fi gocewa daga wannan hoto zuwa wancan. Abin da ke cikin kwari kaɗan yake gocewa. Kwamfuta tana bin wannan gocewar ɗigo bayan ɗigo, ta mayar da ita mita. Kana zaune gaban allo sai ka ga fili yana tasowa, kwata ta nutse, jujin shara ya kumbura, har sawun tayar babbar mota ka gani.

Saboda haka Habibu, ba sihiri ba ne, ba kuma ƙarya ba ce. Amma ni ina da tawa tababar, kuma ta fi taka nauyi. Kafin jirgin ya tashi, sai na bi filin na shimfiɗa alamomi, baƙi da fari a gicciye, na tsaya a kan kowacce da na'urar GPS na ɗauki ainihin inda take da tsayinta. Su ne ke riƙe taswirar. In babu su, taswira takan fito da kyau a ido amma a karkace, ko tsakiyarta ta lotsa, ko duk ta ɗaga sama da wasu mitoci. A Enseladus wa ya shimfiɗa alama? Babu. Taswirar da ba ta da ko alama ɗaya a ƙasa, ni ba zan sa mata hannu ba.

Alhaji Garba:
Yauwa. Ga mai abin ya faɗa.

Malama Zainabu:
Alhaji kada ka yi saurin murna, Mustafa bai ce ƙarya ba ce. Injiniya, alamominsu ramuka ne. Akwai ƙananan ramuka birjik da duwatsun sama suka faɗo suka haƙa a ƙanƙarar. Sai a zaɓi ɗaruruwansu, a nemo kowane ɗaya a duk hoton da ya fito a ciki. Ba a san ainihin inda ramin yake ba tun farko, gaskiya ne. Amma an san inda kumbon yake, domin manyan tashoshin eriya uku, ɗaya a Kalifoniya, ɗaya kusa da Madrid, ɗaya kusa da Kanbera, sun riƙa bin siginarsa a kai a kai. An kuma san inda ya fuskanta, domin yana duban taurari yana daidaita kansa. Sai a zuba duka cikin lissafi ɗaya: wane wuri ne kowane rami zai kasance, wanda zai sa duk hotunan su yarda da juna? In rami ɗaya ya fito a hoto talatin daga kusurwa talatin, ba shi da wurin ɓuya.

Mustafa Safiyo:
Na san wannan lissafin, muna yin irinsa. Yana sa hotuna su yarda da juna. Yarda da juna dabam, yarda da ƙasa dabam. Shaidu goma suna iya haɗa baki.

Awudu Tema:
Ina biye da ku daga nan bakin teku. Ni abin da ya ɗaure mini kai dabam ne. A nan Tema layin Girinwich ya ratsa, wanda daga shi ake ƙirga gabas da yamma a duniya. Tsawo kuma daga saman teku ake aunawa, haka ake auna tsawon dutsen Afadjato ma. To a can, da babu Girinwich babu teku, daga ina ake fara ƙirga? In an ce tudu mai mita ɗari biyar, ɗari biyar a kan me?

Malama Zainabu:
Awudu ka kawo tambaya mai daɗi. Waɗannan watannin fuska ɗaya suke nuna wa uwar duniyarsu kullum, kamar yadda watanmu yake mana. Saboda haka tsakiyar fuskar da ke kallon Zuhal ita ce wajen sifiri. Don kada abin ya riƙa yawo, sai aka ɗaure shi da wani ƙaramin rami, aka ce wannan ramin yana kan digiri 5 yamma, komai daga shi za a auna. Sunan ramin Salih.

Malam Idi:
Salihu kuma? A can?

Malama Zainabu:
Shi fa, Malam. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ce ke raɗa sunayen, kuma na Enseladus duk daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo su. Akwai ramin Ali Baba, akwai na Aladdin, akwai Sindbad da Shahrazad. Manyan tsagogi huɗu da ke kudancinsa, inda tururin ruwa da ƙurar ƙanƙara ke feshi zuwa sama, sunayensu Iskandariyya, Alƙahira, Bagadaza da Dimashƙa. Kowace tana da tsawon kamar kilomita 130, zurfinta kamar mita 500.

Batun tsawo kuwa, sai an fara sanin siffar watan gaba ɗaya. A nan gefen hoto ake amfani da shi, inda farin watan ya yanke da baƙin sarari. Wannan layin gefen shi kansa awo ne, domin tudu da kwarin da suka faɗo a kansa suna fitowa a fili. In aka tara gefuna daga ɓangarori da yawa sai siffar ta fito. Enseladus ba mulmulalle ba ne sosai: ta wajen da ke kallon Zuhal kilomita 513 ne, ta ɗaya gefen 503, daga arewa zuwa kudu 497. Jan da Zuhal ke masa da juyin da yake yi ne suka miƙar da shi haka. Wannan sumul ɗin siffar ta lissafi ita ce a matsayin teku. Abin da ya ɗara ta tudu ne, abin da ya gaza kwari ne. Ta haka aka gane cewa ƙarshen kudunsa ya lotsa da 'yan ɗaruruwan mitoci.

Fati:
Anti Zainabu, ni wani abu ya faru da ni yanzu. Na buɗe hotunan watan a wayata, ramukan duk sai na gan su a kumbure kamar tuddai. Na zata hoton ne. Sai na nemo Tafkin Bosomtwi a taswirar waya, na sa yanayin da ke nuna tudu da kwari, na ga gefensa ya tashi tsakiya ta nutse daidai yadda na san shi. Da na juya wayar kai ya koma ƙasa, wallahi sai na ga tsaunukan gefen sun zama kwazazzabai. Na sake juyawa suka dawo.

Malama Zainabu:
Kin yi gwaji mai kyau, Fati, kuma kin zaɓi wurin da ya dace. Bosomtwi kansa ramin dutsen sama ne, faɗinsa kamar kilomita goma da rabi, ya haura shekara miliyan ɗaya, ga shi nan kudu maso gabas da Kumasi ba nisa. Ido ya saba haske daga sama yake zuwa. In hasken hoto ya zo daga ƙasan allo, sai ƙwaƙwalwa ta juya rami ya zama tudu. Shi ya sa ba a dogara da ido, sai an shigar wa kwamfuta inda rana take.

Wannan ma ya kawo mu hanya ta uku. Gangaren da ke fuskantar rana ya fi haske, wanda ya juya mata baya ya fi duhu. Daga hasken kowane ɗigo ana iya lissafa karkatar wurin, a yi ta haɗa karkata da karkata har tudu ya fito, da hoto ɗaya tak. Tana fitar da ƙananan abubuwa da hoto biyu ba sa iya kamawa.

Mustafa Safiyo:
Ita ce kuma na fi rashin yarda da ita. Kwamfuta ta ga wuri ya yi duhu. Duhun gangare ne, ko ƙasar wurin ce baƙa? Ba ta sani ba. In ƙura baƙa ce a kan shimfiɗaɗɗen wuri, za ta zana miki kwari inda babu kwari. Ga shi kuma ƙaramin kuskure yana taruwa, kina tafiya yana ƙaruwa, kafin ki kai ƙarshen hoto taswirar ta karkace.

Malama Zainabu:
A nan ba ni da ja. Akwai ma watan da ya fi kowanne nuna wannan aibin, Iyafetus, shi ma na Zuhal. Rabinsa baƙi ne ƙirin, rabi fari, hasken farin ya ninka na baƙin kamar sau goma. Tun a 1671 masanin taurari Giovanni Cassini ya gano shi, ya kuma lura yana ganinsa sosai in yana gefe ɗaya na Zuhal, in ya koma ɗaya gefen sai ya dushe. A iyakar baƙin da farin, inda suka cakuɗe dabbare-dabbare, lissafin haske ba ya aiki. Amma dubi abin da gefen hoto ya nuna. A ranar ƙarshe ta 2004 kumbon Cassini ya ɗauko wani dogon tsauni da ya bi tsakiyar watan kamar an ja layi, tsawonsa ya kai kilomita 1,300, a wasu wurare tsayinsa ya kusa kilomita 20. Ya ninka Eberest fiye da sau biyu, a kan watan da duk faɗinsa bai kai kilomita 1,500 ba. Wannan ba ya buƙatar dogon lissafi, ga shi nan ya ɓullo a gefen watan, baƙin sarari a bayansa. Abin da ya haifar da shi ne har yanzu ake musu.

Habibu Asawase:
Kenan akwai awon da ke da ƙarfi akwai mai rauni, amma a taswira duk launi ɗaya ake shafa musu.

Mustafa Safiyo:
Ka kama bakin zaren, Habibu. Nan gizo ke saƙar. Wani ɓangaren an ɗauke shi da hoton da ɗigonsa mita ashirin ne, wani kuma ɗigonsa kilomita guda. In ɗigo kilomita ne, tudu mai faɗin mita ɗari bai ma wanzu ba a wurinka. Sannan hoto biyun da ake haɗawa ba kamar nawa ba ne da ake ɗauka cikin sakan biyu. Mai yiwuwa shekara uku ce tsakaninsu, rana ta canja wuri, inuwar da ke hagu ta koma dama, kwamfuta ta kasa gane wuri ɗaya ne. In ƙanƙarar sumul ce ba ta da tabo, nan ma sai ta rikice. Ni ma haka take mini a kan ruwa da sabon rufin kwano mai ƙyalli, sai ta bar rami a taswira ko ta ƙirƙiro ƙaho. Inda babu awo sai a cike gurbin da ƙiyasi daga maƙwabta. Masu aikin sukan rubuta wannan a takardunsu, amma hoton da ke yawo a WhatsApp ba ya zuwa da shi.

Ku ɗauki Miranda, watan Yuranus. Akwai wani gangaren tsauni a can da ake kira Verona Rupes, ana yawan cewa shi ne mafi tsayi da aka sani. Wasu sun ce kilomita 5 zuwa 10, wasu sun ce 20. In na kawo wa Alhaji awo na ce filinsa ko eka biyar ne ko ashirin, kora ta zai yi.

Alhaji Garba:
Da sanda ma.

Malama Zainabu:
To amma a yi wa Miranda adalci. Kumbo ɗaya ne ya taɓa zuwa, Voyager 2, ya wuce a guje a Janairun 1986, bai tsaya ba, bai dawo ba. Yuranus a kishingiɗe yake juyawa, a lokacin kuma kudancin watanninsa ne kawai ke cikin rana. Rabin arewa har yau babu taswirarsa, fili ne fari a takarda. Ba a haɗa shi da Enseladus da aka yi shekara goma sha uku ana ɗauka. Ko shi ɗin ma sai da aka yi haƙuri: shekarar Zuhal ɗaya kusan shekararmu 29 da rabi ce, da Cassini ya isa ƙarshen arewa yana cikin duhun hunturu, sai a 2015 aka same shi da kyau daga kusa.

Yuropa, watan Mushtari, wato Jupiter, tasa matsalar dabam. Kumbon Galileo da ya zagaya Mushtari daga 1995 zuwa 2003, babbar eriyarsa ta ƙi buɗewa tun a 1991, aka koma turo hotuna ta ƙaramar eriya a hankali. Saboda haka hotuna masu kaifi na Yuropa 'yan faci-faci ne. Ga shi wuri ne shimfiɗaɗɗe ƙwarai, faɗinsa ya haura kilomita 3,100 amma tuddansa 'yan ɗaruruwan mitoci ne, ramuka kuma kaɗan ne saboda fuskarsa sabuwa ce. Ƙarancin ramuka na nufin ƙarancin alamomi. A nan Mustafa zai fi samun abin faɗa.

Alhaji Garba:
Ni fa duk wannan, tambayata ita ce a kan me? Ruwan sama ɗaya in ya sauka kwatar unguwarmu ta cika ta shiga ɗakunan mutane, wasu kuma suna zuba biliyoyin daloli su san zurfin ramin Ali Baba.

Awudu Tema:
Alhaji kuɗinsu ne ba namu ba. Ko ba su je Zuhal ba, ba kwatarmu za su zo su yashe ba.

Mustafa Safiyo:
Kwatar ma in za a gyara ta da gaske, sai an yi irin wannan taswirar a san inda ruwa ke gangarawa. Amma wannan wata muhawarar ce, in muka shige ta ba za mu fito ba yau.

Malama Zainabu:
Bari in faɗi abin da ya sa nake ganin ramukan nan ba wasa ba ne, kuma Injiniya da kai nake. A 2005 aka ga feshin nan a kudancin Enseladus. A 2014 awon yadda watan ke jan kumbon ya nuna akwai ruwa a ƙarƙashin kudancin. Abin da ba a sani ba shi ne, wani tafki ne a wurin kawai, ko ruwan ya zagaye watan duka? Masu taswira ne suka raba gardamar.

Enseladus yana zagaya Zuhal cikin kamar awa 33, hanyar tasa kuma ba da'ira ce cikakkiya ba, wani lokaci ya matso ya yi sauri, wani lokaci ya ja baya ya rage. Wannan yana sa ya ɗan riƙa karkaɗa kai, hagu da dama. Peter Thomas na jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka ɗauki hotunan fiye da shekara bakwai, suka bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, suka duba inda kowanne yake a kowane hoto da inda ya kamata ya kasance. Suka sami karkaɗawar digiri 0.12. In da ƙanƙarar a manne take da dutsen da ke cikin watan, nauyin zai hana ta karkaɗa haka, da abin ya yi ƙasa da wannan sosai. Tunda ta karkaɗa da yawa, ɓawon ƙanƙarar a sake yake, yana shawagi a kan ruwan da ya raba shi da dutsen ta ko'ina. A Satumbar 2015 aka sanar. Babu wanda ya haƙa, babu wanda ya sauka.

Mustafa Safiyo:
Tsaya in buga. Rabin faɗinsa kilomita 252, digiri 0.12 a kan wannan ya ba ni kamar mita 530 a tsakiyar watan. Kenan rami yana gocewa rabin kilomita ya dawo. To wannan na yarda da shi, zan kuma faɗi dalili. Ba awo ɗaya aka dogara da shi ba, dubbai ne, kuskuren wannan yana cinye na wancan. Na biyu, gocewar tana bin zagayen watan, awa 33 awa 33. Kuskuren kyamara ba zai san ya bi wannan lokacin ba. Na uku, awon nauyi ya zo ta wata hanya dabam ya nuna ruwa shi ma. Wannan shaidun ba gida ɗaya suka fito ba.

Amma Malama ki lura, wannan awon inda abu yake ne, gabas ko yamma. Tsayi ya fi wuya koyaushe, ko a nan duniya. A kan tsayi ina nan a kan bakana.

Malam Idi:
Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye teku a ƙarƙashin ƙanƙara inda ba mai sha. Ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Fati:
Yaya Mustafa, to me zai sa ka yarda da tsayin?

Mustafa Safiyo:
Leza. Na'urar da ke harba haske ƙasa ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Ba ruwanta da inuwa, ba ruwanta da dare ko rana. Ita ce ta ba da taswirar watanmu da ta Mirrihi, wato Mars, da kowa ke dogara da su. Cassini bai tafi da ita ba, Galileo ma haka.

Malama Zainabu:
Tana hanya. Kumbon Juice na hukumar sararin samaniya ta Turai ya tashi a Afrilun 2023 da irin wannan na'urar, zai isa Mushtari a 2031, an kuma tsara ya shiga zagaya Ganimid a ƙarshen 2034. Ganimid shi ne mafi girman watanni duka, faɗinsa kilomita 5,268. A nan ne za a aza awon leza a kan taswirar da aka yi da hoto a ga nawa ta kauce. Europa Clipper na NASA kuma ya tashi a Oktobar 2024, zai isa a 2030, zai gitta Yuropa kusan sau hamsin. Shi ba leza gare shi ba, amma kyamarorinsa an gina su ne don su ɗauki wuri ɗaya daga kusurwa fiye da ɗaya a wucewa guda, rana ba ta gusa ba, ga kuma na'urar rada mai ratsa ƙanƙara.

Habibu Asawase:
Enseladus ɗin nawa fa?

Malama Zainabu:
Babu kumbon da ke kan hanyarsa yanzu. Abin da Cassini ya bari shi ake ta sake juyawa, kowace sabuwar taswira daga tsofaffin hotunan nan take fitowa.

Fati:
Anti, hotunan na asali mutum zai iya samu, ko sai wanda ke aiki da su?

Malama Zainabu:
A buɗe suke, NASA ta zuba su a intanet kyauta, har da bayanin inda kumbon yake da inda rana take a kowane hoto. Manhajar da ke haɗa hoto biyu ta fitar da tsayi ma akwai ta kyauta, Ames Stereo Pipeline. Waya ba za ta iya ba, sai kwamfuta mai ɗan ƙarfi da data mai yawa.

Mustafa Safiyo:
Fati, in da gaske kike ki zo ofis ranar Asabar bayan azahar, kwamfutar aikina za ta ɗauka. Ki nemo hoto biyu na wajen tsagar Bagadaza waɗanda rana take kusan wuri ɗaya a cikinsu, kusurwar kyamara kuma ta bambanta da kamar digiri ashirin ko talatin. Za mu fitar da zurfin da kanmu, sannan mu canja hoto ɗaya mu sake, mu ga mita nawa amsar za ta motsa.